Amanar Miƙa Littafi: Malami, Ɗalibi da Ƙagaggun Labaran 'Yan Katolika

Akwai wata tambaya da ta daɗe tana kai-kawo a tsakanin malaman adabi na makarantun sakandare a wannan yanki namu na Funtuwa da Malumfashi, sai dai ba kasafai ake yin ta da ƙarfi ba, domin kowa na gudun kada a yi masa mummunar fassara. Tambayar kuwa ita ce: shin ya dace malami ya ɗauki ƙagaggen labarin da mabiyin wani addini ya rubuta, labarin da aƙidar wannan addinin ta ratsa shi tun daga bango har bango, ya miƙa wa ɗalibinsa ya ce masa, "Je ka karanta wannan, zai amfane ka"? In ya yi haka, ya ci amanar iyayen da suka damƙa masa 'ya'yansu ne, ko kuwa ya sauke ta ne?

Na zaɓi in tattauna wannan batu ta kan ƙagaggun labaran 'yan ɗariƙar Katolika saboda dalilai biyu. Na farko, marubutan wannan ɗariƙa sun yi fice a duniya wajen sarrafa matsalolin imani a cikin labari, har manazarta suka ware musu rukuni na kansu. Na biyu, 'yan Katolika maƙwabtanmu ne na ƙut da ƙut. Tun da wuri ya kamata mai karatu ya sani ba fatawa zan bayar ba, wannan fage yana da masu shi. Abin da ya dame ni a matsayina na malamin aji shi ne haƙƙin da ke rataye a wuyan duk wanda ya ce wa wani "karanta".

Maƙwabtan da ake magana a kansu

Wanda bai san ƙasar nan ba, da ya ji an ambaci Katolika sai hankalinsa ya tafi Inugu ko Anacha. Amma mu da ke zaune tsakanin Bakori, Ƙafur, Ɗanja da Malumfashi mun san akwai gidaje da ƙauyuka na Hausawa tsantsa, jikokin Maguzawa, waɗanda suka karɓi Kiristanci, wasu a cocin ECWA, wasu a Katolika. A 1953 aka danƙa yankin Sakkwato a hannun limaman ƙungiyar Dominikan daga Amurka, aikinsu kuma ya miƙo har Funtuwa da Malumfashi. A watan Oktoba na 2023 Fafaroma Francis ya yanke dayosis ɗin Katsina daga ta Sakkwato, ya naɗa Gerald Mamman Musa, ɗan yankin Malumfashi, ya zama bishop ɗinta na farko, kuma Bahaushe na farko da ya kai wannan matsayi a cocin.

Da waɗannan mutane muke layin sayen taki, da su muke kai masara kasuwar Ɗandume da ta Bakori, 'ya'yansu kuma benci ɗaya suke zaune da namu. Duk da haka, in ka tambayi ɗalibi Musulmi abin da abokinsa ke ji a zuciyarsa lokacin da ya durƙusa a coci, ko ka tambayi ɗalibi Kirista abin da ke sa abokin nasa hawaye a sallar dare ta goman ƙarshe na azumi, sai ka tarar kowannensu sunan addinin ɗan'uwansa kawai ya sani. Wannan rashin sanin juna mun ga abin da yake haifarwa. A watan Maris na 1987 rikicin da ya tashi a Kwalejin Ilmi ta Kafanchan ya bazu har Funtuwa, aka ƙona majami'u. Bayan zaɓen shugaban ƙasa na Afrilun 2011 wuta ta sake tashi a garuruwanmu. Daga baya kuma 'yan bindiga suka zo suka nuna mana cewa su ba su tambayar addini: a watan Mayu na 2021 sun afka wa cocin Katolika na Malumfashi, suka kashe fada ɗaya suka sace wani, a watan Agusta na 2025 kuma suka buɗe wa masallata wuta suna sallar asuba a Unguwar Mantau.

Ba na cewa littafi zai tare harsashi. Sai dai hannun da ke cinna wa gidan maƙwabci wuta, kafin ya kai ga ashana, an riga an shawo kan mai shi cewa wanda ke cikin gidan ba shi da zuciya irin tasa. A nan ne adabi yake da abin cewa.

Mene ne ƙagaggen labarin Katolika?

Ba kowane littafin da ɗan Katolika ya rubuta ake kira da wannan suna ba, haka kuma ba ana nufin 'yan ƙananan littattafan wa'azi da ake rabawa kyauta don jawo mutum zuwa coci ba. Ana nufin labarin da aka gina jigonsa a kan al'amuran da wannan aƙida ta ɗauka da zafi, wato zunubi da tuba da rahama da makomar rai. Abin mamaki shi ne, waɗanda suka fi shahara a cikinsu ba su cika kawo waliyyai ba. Raunanan mutane suke ɗaukowa su jefa su tsaka mai wuya, su bar mai karatu ya ga yadda imani ke kasancewa idan an matse shi.

Alal misali, ɗauki The Power and the Glory na Graham Greene, Baturen Ingila da ya shiga Katolika a 1926, ya ziyarci Meziko a 1938, ya fitar da littafin a 1940. Labarin wata jiha ce da gwamnatinta ta haramta aikin coci, limamin da ya ƙi gudu ko ya ƙi ajiye aikinsa sai a harbe shi. Fada ɗaya ya rage yana ɓuya daga wannan ƙauye zuwa wancan. Wannan fada mashayi ne, yana da 'ya da ya haifa alhali ya yi alkawarin ba zai kusanci mace ba, kuma matsoraci ne, shi kansa ya san haka. Jami'in 'yan sandan da ke farautarsa kuwa ba ya cin hanci, ya gaskata cewa don talakawa yake yi, amma yakan kama mutanen ƙauye ya harbe domin a tona masa inda fadan yake. Bayan fadan ya tsallake iyaka ya tsira, sai aka zo masa da labarin wani ɗan fashi da ke bakin mutuwa yana bukatar wanda zai ji tubarsa. Ya san tarko ne, ya koma, aka kama shi aka harbe. Mai karatu zai rufe littafin yana tambayar kansa: tsakanin mai zunubin da ya san kansa da mai tsabtar da ba ya shakkar kansa, wanne ne ya fi zama haɗari ga jama'a?

A 1948 Greene ya sake fitar da The Heart of the Matter, wanda ya kafa a wata ƙasar Afirka ta Yamma da kowa ya gane Saliyo ce, inda ya yi aiki lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Tauraronsa Scobie mataimakin kwamishinan 'yan sanda ne da aka sani da gaskiya. Tausayin matarsa ya sa ya ci bashi wurin wani Kwara ɗan kasuwa mai suna Yusef. Tausayin wata yarinya da ta tsira daga hatsarin jirgin ruwa ya kai shi ga aikata alfasha da ita. Ƙarya ta haifi ƙarya, har amintaccen yaron gidansa Ali ya rasa ransa sanadiyyar zargin da ya ɗarsa masa, shi kuma a ƙarshe ya kashe kansa. Duk ma'aikacin da ya taɓa sa hannu a takardar da bai kamata ba "don taimako" zai ga fuskarsa a wannan madubi. Sai dai dole a faɗa, baƙar fata a littafin kamar inuwa suke, ba su da bakin magana, wannan kuwa aibi ne da ya kamata malami ya nuna wa ɗalibi.

Na uku shi ne Silence na Shusaku Endo, ɗan Katolika daga Japan, wanda ya fito a 1966. A ƙarni na 17 hukumomin Japan sun haramta Kiristanci. Wani matashin fada daga Fotugal, Rodrigues, ya shiga ƙasar a ɓoye yana neman malaminsa da aka ce ya yi ridda. Da aka kama shi ba a azabtar da jikinsa ba. Talakawa manoma aka rataye kai ƙasa a cikin rami, aka ce masa ba za a sauke su ba sai ya taka wani allo mai ɗauke da hoton Almasihu. Yana jin nishinsu da dare, yana addu'a, bai ji amsa ba. Daga wannan shirun littafin ya samo sunansa.

Na huɗu na gida ne, Purple Hibiscus na Chimamanda Ngozi Adichie, 2003, wanda ɗalibanmu suka karanta a jarrabawar WAEC daga 2011 zuwa 2015. Eugene attajiri ne a Inugu, mai kyauta ga coci, mai jarida da ke faɗa wa gwamnatin soja gaskiya, amma a gida yakan zuba wa 'ya'yansa tafasasshen ruwa a ƙafa don sun kwana gida ɗaya da kakansu mai addinin gargajiya. Ƙanwarsa Ifeoma, malama a jami'ar Nsukka, ita ma 'yar Katolika ce, amma gidanta cike yake da dariya, tana kuma girmama mahaifin nasu. Addini ɗaya, gida biyu. A yankin da Musulmi da Kirista da yawa suke da kakanni Maguzawa, wannan labari ba baƙo ba ne.

Hujjar masu tsoro

Uban da ya ce ba ya son a ba ɗansa irin waɗannan littattafai ba jahili ba ne, kuma bai kamata ɗan boko ya yi masa dariya ba, domin yana da hujjoji masu nauyi.

Ta farko tarihi ne. 'Yan mishan makaranta da asibiti suka sa a gaba. Turawan mulki sun taƙaita shigarsu garuruwan Musulmi, amma sun bar su sun yi aiki a cikin Maguzawa da wuraren jinyar kutare irin na Babbar Ruga a Katsina. Saboda haka kakanninmu suka ɗauki littafin Bature da ƙofar coci a matsayin abu ɗaya, kuma wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

Ta biyu ta fi wannan ƙarfi. Ƙagaggen labari ba ya sallama kafin ya shiga zuciya. Littafin muhawara yana zuwa da hujjarsa a fili, ka karɓa ko ka mayar masa. Shi kuwa labari sai ya sa ka so tauraronsa, ka firgita tare da shi, ka yi masa fatan tsira, kafin ka ankara kana kallon duniya da idonsa. Kuma babu amfanin ɓoyewa, waɗannan littattafai cike suke da abubuwan da Musulmi bai yarda da su ba, kamar aƙidar Triniti, da gicciye Almasihu, da furta zunubi a gaban fada. Yaron da bai gama Ahalari da Ishmawi ba, da me zai auna su?

Ta uku ita ce matsayin malami. Mai tallar littattafai a tashar Funtuwa in ya ce ka saya, kana iya wucewa. Malami kuwa maki na hannunsa, kwarjininsa na kan yaro, shawararsa kusan umarni ce.

Abin lura kuma shi ne wannan tsoro ba na Musulmi kaɗai ba ne. Cocin Katolika kanta ta riƙe jerin haramtattun littattafai tun daga 1559 har zuwa 1966. A 1953 wani ofishi na fadar Fafaroma ya nuna rashin amincewarsa da The Power and the Glory, ya nemi Greene ya gyara shi, sai a 1965 Fafaroma Paul na Shida ya shaida masa cewa ya karanta littafin, kada ya damu da masu jin haushinsa. Katakis ɗin ƙauye a ƙasar Ƙafur zai iya fin limamin masallaci jin zafin a ba ɗansa labarin fada mashayi. Mu ma a nan ba mu manta da zazzafar muhawarar shekarun 1990 a kan littattafan soyayya ba, waɗanda Malam Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa suna Adabin Kasuwar Kano, ko kuma yadda aka ƙona irinsu a bainar jama'a a Kano a 2007. Ashe duk al'ummar da ta ɗauki tarbiyya da muhimmanci tana ɗari-ɗari da labari, domin ta san ƙarfinsa.

Abin da magabata suka yi

To, in tsoron yana da tushe, sai a rufe ƙofa ke nan? A tawa fahimtar a'a, kuma magabatanmu ma ba su rufe ba. A zaurukan malamanmu an daɗe ana karantar da waƙoƙin Imru'ul Ƙaisi da Antara, mutanen Jahiliyya, masu ambaton giya da mata da yaƙi, domin a samu lugga da fasaha. Kalila wa Dimna asalinsa daga Indiya yake. Albiruni ya zauna ya koyi harshen Hindu na addini, ya rubuta littafi sukutum a kan aƙidunsu wajen shekarar 1030, bai fasa zama Musulmi ba. Alhaji Abubakar Imam, wanda ya yi karatu ya kuma koyar a Katsina, ya gina Magana Jari Ce, da aka fara bugawa a 1937, da labaran da ya tsinto daga Larabawa da Indiyawa da Jamusawa da sauransu. Shi kuwa Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, 1951, asalinsa labarin wani jarumin Rasha ne, Ilya Muromets, wanda cocin ƙasar ke ɗauka a matsayin waliyyi. Sarki Waldima da birnin Kib da muka haddace a firamare, Vladimir ne da birnin Kiev.

Mai ja zai ce, ai Imam da Ingawa sun tace labaran kafin su ba mu, sun cire abin cirewa, sun sa musu rawani da babbar riga. Gaskiya ne. To amma me wannan ke nunawa? Yana nuna cewa su sun karanta na asalin, kuma suna da rariyar da suka tace da ita. Tambayar da ke gabanmu ita ce ko za mu ci gaba da tace wa yara har abada, ko kuwa za mu saƙa musu tasu rariyar. A da mai tacewa na iya tsayawa a bakin ƙofa. Yau ɗalibin da ke ajin ƙarshe na sakandare wayar da ke aljihunsa tana kawo masa wa'azin kowane addini da zagin kowane addini, ba tare da ta nemi izinin uba ko malami ba. Abin da muka ƙi miƙa masa da jagora, intanet za ta miƙa masa babu jagora. Yaron da bai taɓa haɗuwa da tunanin wani ba sai a bakin masu zaginsa, ranar da ya haɗu da shi a bakin mai iya magana, shi ne ya fi saurin faɗuwa.

Dangane da cewa labari na sa ka so tauraronsa, sai mu bambanta abu biyu da ake yawan cakuɗawa, wato tausaya wa mutum da gaskata aƙidarsa. Ina iya zubar da hawaye a gidan makokin maƙwabcina Kirista ba tare da na canja kalmar shahadata ba, shi ma haka. Bilhasali ma, Musulmin da ya karanta Silence abin da zai fara faɗo masa a rai shi ne Ammar ɗan Yasir, wanda Ƙuraishawa suka kashe iyayensa, suka azabtar da shi har ya furta abin da suke so, ya zo wa Annabi (SAW) yana kuka, aka saukar da aya a Suratun Nahli da ta yi uzuri ga wanda aka tilasta alhali zuciyarsa na natse da imani. Zai ga tambayar da ta hana Rodrigues barci addininsa ya yi magana a kanta tun a Makka. Zai kuma ga inda al'amuran biyu suka rabu, domin Ammar jikinsa aka azabtar, Rodrigues kuwa da azabar wasu aka matse shi. Irin wannan mai karatu yakan fito daga littafin ya ƙara sanin nasa addinin. Haka wanda ya karanta labarin Eugene, in yana da adalci, ba zai tsaya ga cewa "ka ji halin 'yan coci" ba. Zai tuna da wani mai yawan sadaka a unguwarsu wanda matansa da 'ya'yansa ke rawar jiki in sun ji tsayawar motarsa.

Akwai kuma maganar mudu. Ɗalibanmu Hausawa Kiristoci da ke ɗaukar darasin Hausa suna karanta littattafai da waƙoƙin da Musulunci ya ratsa su ta ko'ina, irin su Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa da waƙoƙin Infiraji na Aliyu Namangi, ba mu taɓa ganin wannan a matsayin cin amana ba, kuma ba shi ba ne. Mun yi murna da Mervyn Hiskett ya fassara Shaihu Umar zuwa Turanci a 1967. Mun yi murna da wani kamfani a Indiya ya buga fassarar Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu a 2012, muka ce duniya za ta san mu. Wanda ke son a karanta shi don a fahimce shi, amma ya ƙi karanta kowa, yana awo da mudu biyu ke nan, ɗaya na saye ɗaya na sayarwa.

Sharuɗɗan amanar

Duk da haka, hujjar nan ta uku, wato matsayin malami, ba ta faɗi ba. Miƙa littafi amana ce, kuma kamar kowace amana tana da sharuɗɗa.

Na farko, kada ka ba wani abin da kai ba ka karanta har ƙarshe ba. Da yawa daga cikinmu sunan littafi muke ji a bakin wani mu riƙa yabonsa ko kushe shi. Mai maganin da bai san abin da ke cikin ƙullinsa ba, ba shi da hurumin cewa a sha.

Na biyu, ka san wanda kake ba. Manomin yankin nan ya san takin da zai sa masarar da ta kai gwiwa ta yi kyau, shi ne zai ƙone wadda ta tsiro jiya. Purple Hibiscus ya dace da ɗalibin babbar sakandare. Silence da The Heart of the Matter kuwa, a ganina, na wanda ya gama ne, ko malami ɗan'uwanka, ko marubuci, mutumin da ya riga ya san inda ƙafarsa take. Wani ɗalibin ma ko ya kai shekarun, in ka ga yana cikin ruɗani ko baƙin ciki, labarin mutumin da ya kashe kansa ba nasa ba ne a wannan lokaci.

Na uku, ka faɗi gaskiyar abin da ke ciki. Ka ce masa, "Wannan ɗan Katolika ne ya rubuta, za ka ga aƙidarsu a ciki, ga inda ta saɓa da tamu, ga kuma dalilin da ya sa nake ganin zai amfane ka." In yaro ne da ke ƙarƙashin mahaifinsa, kuma littafin ba ya cikin manhaja, to mahaifin yana da haƙƙin ya sani, in ya ce a'a maganarsa ce a sama. Kana iya lallashinsa da hujja, amma ba ka da ikon zagaye shi. Duk abin da sai an ɓoye wa uba kafin a ba ɗa, to akwai lauje cikin naɗi.

Na huɗu, ka binciki niyyarka. Malami Kirista da ya ba yaro Musulmi littafi da nufin ya girgiza masa imani ya ci amana. Malami Musulmi da ya ba yaro The Power and the Glory domin ya ce masa "ka ga limamansu mashaya ne", shi ma ya ci amana, har ta mutum biyu: ta yaron da ya koya wa raini, da ta marubucin da ya juya wa magana. Wanda ya tona raunin gidansu da kansa don neman gyara, ba mutunci ba ne a ɗauki maganarsa a yi masa gori da ita.

Na biyar, kada ka miƙa ka juya baya. In ya gama ku zauna, ka ji abin da ya fahimta, abin da ya ruɗa shi, abin da ya ba shi haushi. In tambayar ta fi ƙarfinka, ka tura shi wurin malamin addininsa, Musulmi wurin nasa, Kirista wurin nasa. A wannan zaman ne ake saƙa rariyar da na ambata, littafin shi kaɗai ba ya saƙa ta.

Kammalawa

Amsata ga tambayar da na fara da ita ke nan: malamin da ya cika waɗannan sharuɗɗa ya sauke amana, wanda ya tsallake su ya ci ta, ko da kuwa littafin da ya miƙa na addininsa ne. Wanda kuma ya rufe ƙofa gaba ɗaya don ya huta, ya bar yaro ya san maƙwabcinsa ta bakin masu hura wuta kawai, shi ma akwai abin da za a tambaye shi.

Saura kalma ɗaya ga 'yan'uwana marubuta, tunda wannan mujalla tamu ce. Yawancin labaranmu mutumin kirki ba ya kuskure, mugu kuma ba ya da ko ɗigon alheri, a shafi na ƙarshe sai marubuci ya hau mumbari ya faɗa mana darasi. Su waɗannan marubuta da na ambata sun yarda da addininsu har suka iya nuna mai imani yana tuntuɓe ba tare da sun yi wa imanin izgili ba. Muna da abin rubutawa irin wannan a ƙofar gidanmu. Ga manomin da 'yan bindiga suka ce ya kai musu abinci da mai ko su kashe ɗansa. Ga limamin ƙauyen da jama'arsa suka watse, yana tunanin ya bi su ko ya tsaya wa tsofaffin da ba su iya tafiya. Ga iyalin da wa yake zuwa masallaci, ƙane yake zuwa coci, gonar gado kuma ɗaya ce. Ranar da ɗayanmu ya rubuta wannan da Hausa, da gaskiya da tsoron Allah, malami a Inugu ko a Ingila zai tsaya yana tambayar kansa ko ya dace ya miƙa wa ɗalibinsa labarin Musulmi. Yadda muke fatan ya amsa, haka ya kamata mu fara amsawa.

Allah Ya ba mu ikon riƙe amana, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.